Sikelin da Na Kai wa Gwaggo

A shekarar da na fara aiki, duk inda ka kunna rediyo maganar ke nan: a tilasta wa masu restoran su rubuta abin da ke cikin kowane faranti, ko a bar su? Kalori nawa, gishiri nawa, mai nawa. Wasu na cewa haƙƙin mai ci ne ya san abin da yake zuba wa cikinsa. Masu ƙananan wurare na cewa kashe su za a yi, wa ke da lokacin auna albasa. Ni ina ɓangaren farko, ko tantama babu. Abin da na karanta ke nan a Lyon, ilimin abinci da lafiya, kuma da shi nake ci yanzu a Bobigny, gefen Paris, a wani babban kicin da ke dafa wa makarantu da gidajen tsofaffi. Daga safe zuwa yamma gram nake gani. Har a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in na ga mutum da sanwici, kaina na lissafa masa ba tare da ya tambaye ni ba.

Gwaggona, yayar babana, tana da ɗan restoran a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon. Tebur shida ne, da kanta, da tukwane huɗu a bayan kantar. A gidanta na zauna duk shekarun karatuna, kuma farantan wurin babu wanda ban wanke ba. Gwaggo ba ta da awo. Za ta dube ka, ta zuba, sannan ta ƙara maka gyara da bakin ludayi kamar yadda ake yi a kasuwar Damagaram. Ɗalibi in ya shigo da idon yunwa, gyararsa ta kusa kai rabin faranti. Mai kuwa daga bido, wato jarka, take tuttula shi, tana hira.

Teburin da ke jikin taga na fada ne. Bayan azahar suke haɗuwa, su biyar ko shida, 'yan kasuwa masu loda kwantena zuwa gida. Biyu kawai zan ambata. Akwai wani Alhaji Bakano mai shadda, bakinsa ba ya hutawa, kuma tunda mu Damagarawa ne, abokan wasansa, ba ya shigowa bai tsokani Gwaggo ba. Sai Malam, dattijo daga Maradi, iyalinsa na can gida, shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki a Rillieux. Bis biyu yake hawa kullum don wannan abincin rana. Ba shi da yawan magana. Bayansa a jingine da bango, shi ke fara cewa bismillah, sannan kowa ya sa cokali. Ban taɓa jin ya ce a ba shi kaza ba. Zama kawai yake, Gwaggo ta kawo.

Wata Jumma'a na sauka Lyon da sikelin kicin a jaka.

"Wannan fa?" in ji Gwaggo.

"Auna abincinki za mu yi, mu rubuta a allo. Kowa ya san abin da yake ci."

"An tilasta ne?"

"Ba a tilasta ba tukuna. Amma tana zuwa."

"To in ta zo ta same ni."

Na san inda zan taɓa ta. Gwaggo ba ta tsoron wuta, ba ta tsoron mutum, amma takardar gwamnati na hana ta sukuni. Na ce gara mu riga su, kada wata rana masu kwantarol, masu binciken gwamnati, su shigo su same ta ba shiri. Sai ta yarda. Kuma ina jin akwai wani abu: takardar shaidar karatuna tana rataye a bayan kantar, ita ta sa aka yi mata gilashi. Da wuya ta ce wa mai takardar ba ta san aikinta ba.

Kwana biyu muka yi. Kafin ta zuba mai sai in tare da kofi in auna. Kafin ta watsa gishiri sai in riƙe mata hannu.

"Ke, miyar nan za ta yi fushi," ta ce. "Ba a taɓa tsayar da ni tsakiyar miya ba."

Na yi allo mai kyau. Kowane abinci da nauyinsa da kalorinsa, sannan na sa launi don wanda ba ya son karatu. Dafa-duka da naman rago, ja. Shinkafa da miyar gyaɗa, ja. Tuwo miyar kuka, ruwan lemo. Dambun zogale, kore. Na ɗora sikelin a kan kanta, fuskarsa na kallon masu ci, don kowa ya ga ba a tauye shi ba.

Abu ɗaya Gwaggo ta roƙa. "Allon ki bar shi. Amma sikelin nan ki sa shi ciki."

"A'a Gwaggo, ai amfanin ke nan. Transparence. Kowa ya gani da idonsa."

"Ki sa shi ciki," ta sake cewa.

Na yi dariya na ce za ta saba.

Ranar Litinin na ɗauki hutu don in ga yadda za a karɓi abin. Fada ta cika. Alhaji Bakano ya tsaya gaban allo, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwar ɗaurin aure, sannan ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini.

"Likita, zo nan. Wannan ja ɗin, shi ne mai lamba mafi girma?"

"Shi ne mafi nauyi, Alhaji. Ma'ana a riƙa rage…"

"Madalla. Ashe akwai na manya, Hajiya take ɓoye mana. Koren kuma na wa? Na awaki?" Ya juya ga Gwaggo. "Ko da yake ku Damagarawa da ganye aka yaye ku."

"Da ganyen muka kore ku har ƙofar gari," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago kai ba.

Aka fashe da dariya. Sannan ɗaya bayan ɗaya kowa ya ce ja. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, wallahi. A makaranta an koya mana mutum in ya ga ja zai ja da baya. Ba a koya mana teburin da mutum ba zai yarda a gan shi da ƙaramar lamba a gaban abokansa ba.

Da aka zo kan Malam, Alhaji ya ce, "Malam, yau zaɓi ake. Wanne?"

Malam ya dubi allon, ya daɗe. "A ba ni abin da anka ba jama'a."

Gwaggo ta zuba, ta ɗauko farantin za ta wuce da shi. Alhaji ya ɗaga hannu.

"A'a Hajiya, ba a hau sikeli ba."

Ta ɗora. Lambar ba ta kai ba, da nisa ma.

"La ilaha! Malam za ki tauye? Limaminmu? Likita, ki zo ki ga aikin gwaggonki."

Gwaggo ta dube ni. Har yau ina ganin kallon nan. Ni kuwa na ce, da murmushina, "Gwaggo ki cika. Abin da aka rubuta shi za a ba mutum."

Ta canza faranti, ta cika da shinkafa har lambar ta tsaya daidai. Malam ya ce bismillah. Ya cinye tas, don shi mutum ne da ba ya barin ƙwaya ɗaya a faranti.

Na koma Paris ina jin daɗi. Na nuna hotunan allon a wurin aiki, shugabarmu ta ce bravo. A taro biyu na kawo misalin: ga ƙaramin restoran na wata mata da ba ta yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko, cikin kwana biyu an gama, to masu cewa ba zai yiwu ba su zo su gani.

Wata biyu ban je Lyon ba. Aiki, gajiya, tikitin jirgi da tsada. Sai wata Laraba Gwaggo ta kira ina cikin taram, jirgin cikin gari. Gwaggo da kan tambayi lafiyar har maƙwabtana da ba ta sani ba, ranar gaisuwa biyu ta yi.

"Ki zo ki ɗauki sikelinki."

"Lafiya?"

"Malam ya kwana huɗu a gidan likita. An sallame shi, amma yau sati biyu bai zo ba."

Ranar Asabar da safe ina kicin ɗinta. Ta rufe ƙofa, ta hau kujera, ta sauko da wani faranti daga saman kabad. Mai shuɗin baki. Na san shi, na sha wanke shi, ban taɓa lura ba: faɗinsa ɗaya da sauran, amma tsakiyarsa a tashe take, ba ya cin rabin abin da suke ci.

"Shekara shida da suka wuce matarsa ta kira ni daga Maradi," in ji ta. "Ciwon suga gare shi. Ta ce amana, kada ya san ta faɗa, kada kowa ya ji."

Sai ta nuna mini yadda take yi. Zogale da kabeji a ƙasa. Shinkafa 'yar kaɗan a shimfiɗa a sama ta rufe. Nama marar kitse. Miya kuma sai ta nutsa ludayi can ƙasan tukunya, ƙarƙashin man. Gyararsa ma tana yi, a gaban kowa, ta buga ludayi a bakin faranti da ƙara, abin da ya sauka bai kai cokali ba.

Na tsaya ina kallon farantin. Abin da zan rubuta wa mai irin ciwonsa a takarda ke nan, kusan daidai, ni da na yi shekaru ina karanta shi.

"Da sikelin nan a gaban mutane ba yadda zan yi," ta ce. "Bakanon nan ya mai da shi wasa, kullum sai ya tashi ya karanta na kowa. Na cire wa sikelin pil, batirin nan nasa, na ce ya lalace. Washegari ya zo mini da pil sabbi, kwali guda, wai gudummawarsa."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa.

"Gwaggo, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Amana ce." Ta goge farantin da gefen zanenta. "Kuma na ce miki ki sa shi ciki. Sau biyu."

Ta zuba abinci a kula, irin zubin nasa, ta ce in kai masa. Na hau bis biyun da yake hawa. Ban san tafiyar ta kai haka ba. Wajen awa guda, da jira a tsakani, a tsaye, cikin iska.

Ɗakinsa ƙarami ne, gado, darduma, ɗan firiji, akwatuna biyu a kan juna. Ya rame. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi babana, ya tambayi aiki, ya tambayi Paris da sanyinta, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi, gajiya ce. A kan tebur akwai ɗan injin da ake huda yatsa, da karne, ɗan littafin da yake rubuta awon kowace safiya a ciki. Bai ɓoye ba. Da ya ga idona na kai wurin, sai ya tura mini shi da yatsa.

Na buɗe. Shafi bayan shafi lambobin a kwance suke, ba hawa ba sauka. Sai daga wani wuri suka fara hawa. Ban buƙaci duba kwanan watan ba, amma na duba. Satin da na kafa allo ne.

"Baba, laifina ne."

"Laihin mi, ɗiyata? Ke gaskiya kinka rubuta."

Ya buɗe kular, ya sa cokali ya ɗaga shinkafar sama, ganyen ya bayyana. Ya yi ɗan murmushi.

"Hajiya dai ba ta canza ba."

"Ashe kun sani?"

"Shekara shida ina tona shinkahwa ina iske ganye, ki ce ban sani ba? Ita ma ta san na sani. Ba mu dai taɓa magana ba."

"To Baba, da kun ce kore kawai. Yana nan a allon. Don irinku na yi shi."

Ya ajiye cokalin.

"In na ce kore ranar nan, kafin la'asar an gane. Gobe Bakano ya zo min da sassaƙe. Wancan ya zo da garin hulba, wancan ya ce akwai wani mai magani a Marseille. In na ɗaga cokali, ido goma na bisa hannuna. In na miƙa hannu ga shayi, wani ya janye sukari. Duk don so ne, na sani." Ya dube ni. "Ƙasar ga, ɗiyata, awa guda gare ni a yini da nike zama cikin mutane kamar kowa. Ban son ta koma jinya."

Na ce ciwo ba abin kunya ba ne. Na ce mutane da yawa na da shi, ana rayuwa da shi. Duk abin da nake faɗa wa tsofaffi a wurin aiki na faɗa, da irin muryar ma. Ya saurara har na gama.

"Na ji. A takarda hakanan ne."

"Yau zan cire allon. Da sikelin."

"Ki cire," ya ce. "Amma ido ya riga ya koyi awo."

Ban gane ba a lokacin. Na cire su da yammar nan. Gwaggo ta ja tukwanenta ta mai da su can ciki, bayan labule, yadda ba mai ganin zubi. Muka ce wa fada doka ba ta fito ba tukuna, allon kuma na tare haske.

Asabar biyu bayan haka na dawo, don Gwaggo ta ce Malam ya yi alkawarin zuwa. Ya zo. Fada ta tashi tsaye, aka yi ta sannu, ya ce mura ce ta kwantar da shi, aka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya zauna wurinsa, baya a bango. Kowa ya ce ja, don sunan ya riga ya zauna ko ba allo. Gwaggo ta fito da mai shuɗin baki ta ajiye masa, ta buga ludayinta.

Alhaji Bakano ya leƙa farantin, ya leƙa nasa.

"Hajiya, kin koma halinki. Wannan ai bai kai ja ba, ko kusa. Mutum ya tashi daga ciwo, a ba shi abincin tsuntsu?"

"Alhaji ka ci naka," in ji Gwaggo.

"Ina! Muna zaune?" Ya jawo farantinsa, ya kwashi shinkafa cokali huɗu, mai na ɗiga, ya tula wa Malam. Ya ɗora tsokar da ta fi kowace kitse a sama. "Ci, Malam, ka mai da jiki. Damagarawa ba za su kashe mana kai ba."

Babu mugunta a ciki ko kaɗan. Fuskarsa cike da murna take. Wata biyu yana karanta sikeli, yanzu ya san yadda cikakken faranti yake, kuma ba zai yarda a rage wa abokinsa ba.

Ina tsaye a bakin labule. Kalma ɗaya ce a bakina, kuma ba tawa ba ce da zan faɗa. Gwaggo ta riƙe mini hannu ta baya, ta matse.

Malam ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah shi saka." Ya ce bismillah. Ya cinye duka.

Daga Litinin ɗin da ta biyo baya ya canza lokaci. Ƙarfe uku yake zuwa yanzu, bayan fada ta watse. Ya ce musu wani aiki ne ya taso masa da rana. Gwaggo da kan rufe wuta ƙarfe biyu da rabi ta ɗora ƙafafunta a kujera, yanzu tana jiransa. Kujerarsa ta jikin bango wani ya gaje ta, wani mai kayan gyaran mota.

A Bobigny maganar ba ta mutu ba. Tana tashi, ta kwanta, ta sake tashi. Kwanaki shugabarmu ta ce in turo mata hotunan nan na restoran ɗin gwaggona, za ta sa a wani bayani. Na ce sun goge da na canza waya. Ta tambayi ra'ayina a taro, ko har yanzu ina goyon bayan a tilasta. Na ce eh. Kuma ba ƙarya na yi ba: inda nake sayen abincin rana kusa da tasha, wanda ke miƙo mini shi bai san fuskata ba, gobe ma wani ne, gara a rubuta mini. Na buɗe baki zan ƙara wani abu, sai na ga sai na fara daga gyara, da faranti mai shuɗin baki, da bis biyu, ga mutum goma sha biyu na duban agogo. Na ce shi ke nan. Sikelin na ƙarƙashin gadona, da kwalin pil ɗin Alhaji da Gwaggo ta haɗa mini da shi.

Zuwana na ƙarshe na isa Vaulx-en-Velin wajen uku saura. Wurin ba kowa, an ɗaga kujerun tebur huɗu, Gwaggo na gyangyaɗi a bayan kanta. Malam ya shigo, muka gaisa. Kafin ya zauna ya ciro karnen daga aljihu ya miƙo mini, kamar mai nuna takarda a kan iyaka. Lambobin sun sauko. Sun kwanta kamar da.

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Alhamdu lillahi."

Ya zauna a teburin taga, shi kaɗai a tebur mai kujera shida. Gwaggo ta kawo mai shuɗin baki. Har ta ɗaga ludayi za ta buga, sai ta fasa, ta koma ciki. Na ce ta zubo mini nima, na ja kujera na zauna gabansa.

Ya ce bismillah, ya ɗan dakata, idonsa ya zaga teburin yadda ya saba, yana jiran hannuwa su sauka. Na yi sauri na sa cokalina.